Leiwia da 'Yar'uwarta ta Jirgin Ruwa

Tsakanin rumfata da ta Leiwia a bakin teku babu komai sai zana ɗaya, saboda haka kada wani ya zo yana koya mini labarinta. Ni ina sayar da ɗanyar kwakwa da sarƙar wuri, ita tana yi wa matan jirgi kitso. Tun muna iya gudu muke wannan zama, ga shi yanzu gwiwoyinmu sun fara ƙara. Doguwar mace ce mai saurin hannu, kuma ba ta iya cin abu ita kaɗai ba, wannan kam ba zan hana ta ba. Aibinta ɗaya ne, duk abin da aka faɗa mata da murmushi, to a wurinta gaskiya ne.

Ranar jirgi ba ta sake zani. Gari na wayewa sai ka ga ƙaton farin abin nan ya tsaya can cikin ruwa, ƙananan jirage su yi ta kwaso mana Turawan Ostareliya, jajaye, sun shafe jiki da mai sai ƙyalli suke. Su yi wanka, su sha kwakwa, su ɗauki hoto. La'asar na yi jirgi ya busa, su kwashe su bar mana robobi. Jiya suna Numea, gobe Fiji, jibi Tonga. Na taɓa tambayar wata tsohuwa a cikinsu me ke da daɗi a wannan yawo haka. Ta ce ai daɗin shi ne ki kwanta a wata ƙasa ki farka a wata, ba ki ɗauki jaka ba, ba ki ɗora tukunya ba, duk inda aka sauke ki mutane na yi miki fara'a, kuma kafin ki gaji da su an wuce. Na ce to madalla, na riƙe maganar. Leiwia tana gefe tana kitso, ita abin da ya shiga kunnenta shi ne wai muna da fara'a.

Shekarar da take da cikin 'yarta ne abin ya faro. Wata Baturiya mai suna Misis Glenys ta taka abin nan mai baƙar ƙaya da ke maƙale a duwatsun ruwa, ta fito tana ihu kamar an yanka ta. Leiwia, da ƙaton cikinta, ta tallabo ta zuwa rumfa, ta matsa mata lemun tsami, ta zauna tana cire ƙayar da tsinken kitso har ta gama. Matar ta rungume ta tana hawaye tana cewa, "Ke 'yar'uwata ce. Daga yau ke 'yar'uwata ce."

Mu dai mun san irin wannan magana, kowace ranar jirgi sai mun ji ta. Amma kafin in juya, Leiwia ta ruga gida ta ɗauko tabarmar zumunta, mai jan geza da gashin kaza, wadda uwarta ta saƙa da hannunta. A wurinmu idan ka miƙa wa baƙo wannan tabarma ya karɓa da hannu biyu, sannan ya cire wani abu daga jikinsa ya ba ka, magana ta ƙare. Bikinka nasa ne, makokinka nasa ne. Misis Glenys ta karɓa da hannu biyu domin tabarmar na da nauyi. Ta cire malafarta ta ɗora wa Leiwia a ka domin hoto ya yi kyau.

Da suka tafi na leƙa ta saman zana na ce, "Ke Leiwia, tabarmar uwarki kika ba matar da ko sunanki ba ta sani ba?"

"Ta sani mana. Na faɗa mata."

"Ta maimaita?"

"Rosina, hassada ce ke cin ki. Ke wa ya taɓa ce miki 'yar'uwa?"

Daga baya ma'aikatan jirgin suka gaya mana cewa ba a shiga Ostareliya da gashin tsuntsu, duk abin da ke da shi a kwandon shara yake ƙarewa tun kafin a isa gaɓa. Na kai mata labari da ɗuminsa. Ba ta sake yi mini magana ba sai da mangwaro ya nuna.

Ta haifi mace, ta sa mata suna Glenys. Bakinmu bai iya ba, muka mayar da shi Leni. Ita kuwa Misis Glenys, mijinta ya mutu ya bar ta ba aikin fari ba na baƙi sai hawa jirgi, kusan duk shekara in sanyi ya shigo sai ga ta. Tana saukowa za ta ware hannuwa ta ce "'yar'uwa!" ta rungume Leiwia. Daga nan ta wuce ta ce wa mai gasa ƙaguwa 'yar'uwa, ta ce wa matar fasto 'yar'uwa, ni ma da ba na ko yi mata dariya ta ce mini 'yar'uwa. In muka tsokani Leiwia sai ta ɗaga kai ta ce, "Albarkacina kuke ci. Ladabi ne take yi muku saboda ni."

Leni na ƙarama ciwon sukari ya kashe ubanta. Wadda ta tsaya musu ita ce yayarsa Touliu, wata gajeriyar mata mai busasshiyar fuska, wadda ni dai ban taɓa ganin haƙoranta ba. Ita ke sauko musu da doya daga gonarta. Ita ta yi jinyar Leni lokacin da zazzaɓi ya kusa tafiya da ita. Da guguwa ta ɗauke rufin ɗakinsu, 'ya'yan Touliu ne suka hau suka mayar. Amma je ki kowane taro, ko na coci ko na makoki, ba za ki ji sunan Touliu a bakin Leiwia ba, sai "'yar'uwata ta Ostareliya ta ce", "'yar'uwata ta Ostareliya ba ta cin wannan". Duk a kunnen Touliu.

Leni ta girma, yarinya mai hankali, ba ta ɗauko wautar uwar ba. Ta zaɓi wani mai sassaƙa kwalekwale daga ƙauyen bayan dutse, kowa ya yi na'am. Sai maganar kai amarya ta taso.

A tsibirinmu gwaggo ce ke kai amarya. Ita ke sa mata rigar ƙarshe, ta zazzaga mata hoda a kai da kafaɗu, ta kama hannunta na dama a ƙofar ubanta, kuma ba za ta sake shi ba sai ta sa shi cikin hannun uwar miji a can ƙofarsu. Ko za ta yi tuntuɓe, ko fitsari ya matse ta, hannun nan ba ya rabuwa. Amaryar da aka saki a hanya ta fita daga gidan ubanta, ba ta shiga na miji ba, dangin ango ba su da ikon karɓarta, kuma ba ta komawa baya. Mutum ɗaya ce kawai ke iya shiga gaban gwaggo a wannan aiki, wato takwarar amarya idan an taɓa ba ta tabarmar zumunta. Tsofaffi ne kawai ke tuna wannan, domin ba wanda ya taɓa rashin kunyar amfani da shi. Leiwia ta tono shi.

Ina wurin ranar da ta gaya wa Touliu, muna kankare rogon biki.

"Yaya," in ji Leiwia, "ki huta da hawan dutsen nan. Takwararta ce za ta kai ta."

Touliu ba ta ɗago ba. "Wace takwara?"

"'Yar'uwata mana. Na gaya mata bara, ta amsa."

Ta gaya mata kam, a kan idona. Matar na zaune ana yi mata kitso, ido a rufe, Leiwia na zuba mata Turancinmu na kasuwa, ita kuma tana cewa, "Eh, eh, 'yar'uwa, abin sha'awa, ai ba zan rasa ba." Da an ce mata ana sayar da kanta ne ma haka za ta amsa.

Touliu ta ajiye wuƙa, ta goge hannu a zani. "Yarinyar da na goya a bayana zuwa asibiti?"

"Ba raini ba ne, Yaya. Al'ada ce ta ba ta."

"To. Allah ya kai mu." Ta tashi ta bar rogonta a nan.

Leni da kanta ta roƙi uwar. "Mama, don Allah ki bar wa Gwaggo. Matar nan ko gaisawa ba mu taɓa yi sosai ba." Leiwia ta fashe da kuka, tana tambayarta sunan wa take ɗauke da shi, tana cewa an haɗa kai za a kunyata ta a gaban 'yar'uwarta. Leni ta bar ta. Aka tsayar da biki ranar jirgin sanyi.

Ni abu ɗaya na tambaye ta. Na ce, "Tafiyar amarya da tsaye-tsayenta da waƙe-waƙenta ba ta ƙarewa sai rana ta faɗi. Jirgi kuma la'asar yake tashi. Kin yi wannan tunanin?"

Ta dube ni kamar na yi saɓo. "In 'yarki ce ake kaiwa, za ki saki hannunta saboda jirgi?"

Ashe har ɗaki ta share wa matar, ta ɗaura sabon gidan sauro, wai a nan za ta kwana.

Ranar ta zo, jirgi ya zo, kuma ga Misis Glenys ta sauko da wata shuɗiyar malafa. Gaskiya abin ya ƙona mini rai, domin na gama shirya dariyata. Leiwia ta harare ni ta wuce tana taku ɗai-ɗai, ta kamo matar ta nufi cikin gari da ita. Labari ya bazu cikin 'yan jirgi cewa ana biki, suka biyo mu ɗuu, kowa da waya a sama. An riga an gama na coci da safe, aka fito da Leni ƙofar ubanta. Misis Glenys ta karɓi rigar tana ƙyalƙyala dariya, ta sa mata gaba a baya, aka gyara. Ta zazzaga hodar har ta shiga wa yarinyar ido, abokan tafiyarta na tafi. Sai ta sunkuya ta tambayi Leni, "Ke kuwa kyakkyawa, yaya sunanki?"

Leni ta ce, "Glenys."

Matar ta dafa ƙirji, ta juya wajen 'yan'uwanta. "Kun ji? Sunana! Kai, mutanen nan akwai dabara. Wato duk wadda kuka zaɓa sai ku sa wa amaryar sunanta?"

Masu jin Turanci a cikinmu suka sunkuyar da kai. Kalsong, shugaban kwamitin ranar jirgi, wanda bai taɓa ganin wuta ya ƙi zuba mata mai ba, ya fassara wa sauran da babbar murya. Leiwia ta yi wata 'yar dariya ta ce, "Wasa take. Haka take da barkwanci." Ta ɗauki hannun 'yarta ta sa a na matar, ta matse su.

Aka kama hanya. Mata na waƙa, ana tsayawa a inda ake tsayawa, 'yan jirgi na ta ɗauka. Da aka fara hawan dutse sai waƙa ta gundure su, wasu suka koma wanka. Misis Glenys na sanye da silifas, gumi ya jiƙa mata baya, tana ta tambayar a ina ake ƙarewa. Duk lokacin da ta nemi zare hannu ta share fuska, Leiwia na nan kusa da gefen zaninta tana share mata. Can a ƙarshen jerin mutane na hango Touliu cikin kayan gona, da adda a hannu, kamar hanya ce kawai ta haɗa mu.

Mun kai ƙwanƙolin dutse ke nan, inda ake hango teku ta baya, ake kuma hango matan dangin ango a ƙasa suna jira da furanni, sai jirgi ya busa.

Sauran 'yan jirgin suka juya nan take. Misis Glenys ta duba agogonta ta ce, "Ayya, lokaci ya yi," ta ja hannu. Leiwia ta kama hannayen biyu ta haɗe, ta zube a kan gwiwa a tsakiyar hanya.

"'Yar'uwa, kada ki sake ta. Ga su can, saura gangara kawai. Don Allah, 'yar'uwa. 'Yarki ce."

Hawaye na zuba, Turancin ya gudu, ta koma yarenmu tana roƙo. Matar ta tsaya tana kallonta, idonta ya kawo ruwa.

"Kai, kin iya," in ji ta. "Kin iya ƙwarai, har kin sa ni ƙwalla. Amma gobe muna Fiji, masoyiya."

Ta ce wa ƙawarta ta ɗauke su hoto a haka. Sannan ta ɓamɓare yatsun Leiwia ɗaya bayan ɗaya, a hankali, tana murmushi, ta zare hannunta daga na Leni, ta shafa kumatun amarya, ta gangara tana ɗaga mana hannu.

Matan da ke ƙasa sun ga komai. Suka daina waƙa, suka ajiye furanni, suka juya mana baya kamar yadda al'ada ta ce. Leni na tsaye fara fat da hoda, hannunta na miƙe a inda aka bar shi, ta kasa saukewa. Ni da na zo da dariyata a shirye, sai yarinyar ta ba ni tausayi ƙwarai.

Touliu ta samu dutse ta zauna, ta kafa adda a ƙasa. Kowa ya san ita kaɗai ce za ta iya ɗaukar hannun da aka yar. Leiwia ba ta ko tashi ba, da gwiwa ta ja jiki har gabanta.

"Yaya, na tuba. Ki rufa mana asiri."

"Ni? Ai na huta da hawan dutse. Ke kika ce."

"Ki dubi ƙaninki da ke kabari, Yaya. Ki dubi yarinyar."

"Ita nake kallo tun ɗazu." Touliu ta miƙe, ta ɗaga murya yadda har na ƙasa za su ji. "Ku shaida. In na kama hannun nan, to ni na haife ta. 'Ya'yanta ni za su kira kaka. Matar nan da ke durƙushe gabana ba za ta taka ƙofarta ba, ko da biki ko da mutuwa. Ta je ta nemi danginta a teku. In ba haka ba, ga hanya nan, su kwana a kanta."

Leiwia ta juya wajen 'yarta. "Leni? Leni, ki yi magana."

Leni ba ta dube ta ba. Ta juya hannun nan da ke miƙe wajen Touliu ta ce, "Gwaggo, ki riƙe ni."

Touliu ta kama, suka gangara, matan ƙasa suka juyo suka ɗauki furanninsu. Muka bi su gaba ɗaya domin akwai alade da laplap, gasasshen rogonmu na biki, suna jira. Leiwia muka bari a kan dutse, fuskarta wajen teku.

Kin ɗauka nan abin ya tsaya? Jirgi na gaba da ya zo, ma'aikatansa suka nemi Kalsong, wai fasinjoji sun yaba da wasan auren nan fiye da komai a duk ƙasashen da suka zaga, musamman wurin da uwar ke roƙo. A sake yi. Kalsong ya same ta a rumfa ina ji.

"Maman Leni, abin nan da kika yi a kan dutse, shi ake so. Duk ranar jirgi."

"Kalsong, ka ji tsoron Allah."

"Ina jin tsoronsa. Amma rumfar nan ta kwamiti ce, kuma na ji doyar Touliu ta daina zuwa gidanki. Ki yi tunani."

Ta yi tunanin. Yanzu duk ranar jirgi akwai aure a bakin teku. Ana ɗauko kowace budurwa ta yi amarya. Leiwia ta shiga cikin fasinjoji ta zaɓi mace, ta kira ta 'yar'uwa, Kalsong ya tambayi sunanta a ɓoye ya raɗa wa amarya. An gajarta hanya, daga rumfuna zuwa gindin babbar bishiya. Ana isa wani ya busa ƙaton kodi a madadin jirgi, a ce wa Baturiyar ta ja hannu, Leiwia ta zube ta roƙa. Na ɗauka da sannu hawayen za su ƙafe ta koma matsowa da ƙarfi. Ina! Kullum kamar ranar farko. Kalsong ya gwada wata mata lokacin da Leiwia ta kwanta mura, fasinjoji suka watse tun ba a gama ba.

Watan jiya Leni ta haihu. Matar ƙanina ce ta kawo labari daga bayan dutse, kuma ranar jirgi ce. Leiwia na cikin rumfa tana ɗaura ɗankwalin uwar amarya, na leƙa na gaya mata, domin in ban faɗa ba wani zai faɗa.

Ta tsaya da hannu a ka. "Lafiya ta sauka?"

"Lafiya lau. Mace."

"Ta ce a gaya mini?"

"A'a. A bakin rafi aka ji."

Ta buɗe baki za ta sake tambaya, sai Kalsong ya ƙwala kira daga waje cewa baƙi sun taru. Ta gama ɗaurinta ta fita, ta zaɓi wata mai ƙiba da jan hanci. Da aka busa kodi ta zube, ta riƙe matar nan da ƙarfin da sai da maza biyu suka ɓamɓare ta, tana kiran Leni, Leni, alhali an ce mata sunan amaryar yau Sharon. Fasinjoji suka miƙe tsaye suna tafi, wasu na share ido. Kalsong ya duba teku ya ga wani ƙaramin jirgi ya sake sauke mutane, ya sunkuya inda take kwance a rairayi ya ce ta tashi ta wanke fuska, waɗannan ba su gani ba.